Akwatin Mama: aikin tantance tsofaffin kayan Halloween da kai su gwanjo

11 ga Agusta, 2024

Toh yau na ce bari in fara rubuta wannan abu tun kafin ya cakuɗe min a kai. Mai gidan da nake haya a nan Harrisburg, jihar Pennsylvania, dattijuwa ce 'yar shekara 88, Mama nake ce mata kuma har ta saba tana amsawa. Za ta koma gidan kula da tsofaffi kafin ƙarshen shekara, shi ne ta roƙe ni in taya ta sauko da kayan da ke ɗan ɗakin can sama ƙarƙashin rufi, wurin da zafinsa ko minti goma mutum bai iya yi sai ya jiƙe sharkaf. Cikin abin da na sauko da shi akwai wani akwatin kwali da aka rubuta Halloween a jikinsa da fensir. Jikarta na gani ta ce a kai bola. Mama ta ce a'a, na mahaifiyarta ne, wasu ma na kakarta, kuma ta taɓa jin ana cewa irinsu suna kuɗi a intanet, in duba mata in sayar in cire la'adata. Na ce Mama babu maganar la'ada tsakanina da ke. Matar da wata uku tana ƙin karɓar kuɗin haya lokacin da na rasa aiki, da wane ido zan karɓi la'ada a hannunta.

Na shimfiɗa zani a kan tebur na ƙirga, guda 63 ne. Hotunan kwali da aka yanke masu tambarin Jamus 7, irinsu na Amurka 14, fitilar kabewa 2, abin kaɗawa da abin busa na gwangwani 8, kyandir mai siffa 6, 'yan kayan roba 5, katin gaisuwa na gidan waya 9, ƙananan akwatunan takardun mannawa 4, hulunan takarda 7, sai wani ɗan littafi guda. Baƙar mage, mayya a kan tsintsiya, mujiya, jemage, ƙwarangwal, kabewa mai haƙora, su ke nan ake ta maimaitawa.

Ga wanda bai san bikin ba, daren 31 ga Oktoba ake yinsa, mutanen Ailan da Sikotlan ne suka shigo da shi Amurka, can gidansu wani ɗan tushe mai tauri suke fafewa su sa wuta a ciki, da suka zo nan suka tarar da kabewa ta fi girma ta fi sauƙin fafewa sai suka koma kanta.

18 ga Agusta

Sati guda ina kan eBay, shafin gwanjo na intanet, kullum bayan na dawo aiki, kuma abu na farko da na koya shi ne wanda duk ɗan kasuwa ya sani tun yana yaro, kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne kuɗin kaya ba. Za ka ga mutum ya sa mage ta kwali dala 400 tana nan zaune wata da watanni ba wanda ya taya, sai ka danna wurin da ke nuna abin da aka riga aka sayar ka ga irinta sak ta tafi a dala 60. Don haka na daina kallon abin da ake nema, abin da aka sallama kawai nake rubutawa, da kwanan wata, da yanayin kayan, da mutum nawa suka yi tayi. Na sayi littafi mai layi, kowane abu na ba shi lamba, na auna shi da rula da inci tunda da shi suke awo a nan, na ɗauki hotonsa gaba da baya a hasken taga.

Tambayar da ta dame ni ita ce me ya sa kwali zai yi wannan tsada, kuma Mama ce ta ba ni amsa ba tare da ta san tambayar nake ba. Ta ce kayan Kirsimeti ana naɗe su a adana shekara da shekaru, su kuwa na Halloween na dare ɗaya ne, a liƙa a bango da ƙusa ko gam, gari na wayewa a yage a zubar. Fitilar kabewar ma takarda ce aka jiƙa aka matse, sannan a kunna kyandir a cikinta a ba yaro ya fita da ita, ai ka san ƙarshenta. Santi 5, santi 10 ake sayensu, ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Abin da ya tsira kaɗan ne, wanda ya tsira ba ƙuna ba yagewa ya fi kaɗan, shi ne dalilin tsadar. Mahaifiyarta dai mace ce da ba ta zubar da ko zare, ta rayu lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, ita ce silar da akwatin nan ya kawo yau.

25 ga Agusta

Yau na zauna da na Jamus guda bakwai, kuma gaskiya su ne suka fara kama min zuciya. Magen nan mai lamba 3, tsawonta ya kusa inci 15, ta gantsare baya ta buɗe baki, in ka shafa ta ba a shafe take ba, kowane gashi da kowane haƙori ya taso, in ka juya bayanta sai ka ga ramin kowane abu ya lotsa ciki, wato da ƙarfe mai nauyi aka danna kwalin ya ɗauki siffa. Kwalin da kauri, launin baya toka-toka ne da ya sha shekaru, bakin nan nata ba ya ƙyalli, ruwan lemon da ke idonta ya ɗan dushe. Ƙasa wajen ƙafa an buga Germany da ƙananan haruffa. Ƙamshinta irin na tsohon littafi da ya daɗe a adaka.

Jamusawa ba bikinsu ba ne, don kasuwar Amurka suka yi su, yawanci tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na farko zuwa tsakiyar shekarun 1930, kuma yankin Thuringia wajen garin Sonneberg ya shahara da irin wannan sana'a ta kayan wasa da takarda. Wani abu kuma da na lura, fuskokinsu da ban tsoro sosai, ba irin na yanzu masu murmushi ba, saboda a shekarun 1910 da 1920 bikin na manya ne, liyafa ake haɗawa a gida, yawon yara ƙofa ƙofa neman alawa daga baya ya bazu.

Na rubuta wa kaina alamomin shekaru a bangon littafin don kar in riƙa komawa nema. Tun dokar harajin McKinley ta 1890 ake tilasta wa kayan da za su shigo Amurka su ɗauki sunan ƙasarsu. In ka ga U.S. Zone tare da sunan Jamus to bayan 1945 ne, in ka ga West Germany daga 1949 ne zuwa 1990, in ka ga Occupied Japan to tsakanin 1947 da 1952. In adireshin kamfani na ɗauke da lambar unguwa mai lamba biyar ɗin nan ta gidan waya, ba zai riga 1963 ba. In akwai zanen layi-layi da ake haskawa a kanti, daga 1974 ne zuwa sama. Da waɗannan kaɗai mutum zai tankaɗe rabin ƙaryar da ake yi a gwanjo.

1 ga Satumba

Yaya ta kira ni daga Kano muna bidiyo, ta hango teburin a bayana ta ce kai kuma me ya haɗa ka da kayan mayu. Ban ji haushi ba don tambaya ce ta gaskiya, ni ma na yi wa kaina ita. Na ce mata Yaya ni ba bikin nake yi ba kuma ba zan yi ba, amana ce aka ba ni ta tsohuwar da ta rufa min asiri. Ta yi shiru ta ce to ka dai riƙe amanar, amma ka fitar da su daga ɗakin da kake sallah. Na ga gaskiyarta, na kwashe komai na mayar falon Mama, nan nake aikin yanzu, kuma hakan ya fi ma don tana zaune tana ba ni labarin kowanne.

15 ga Satumba

An cuce ni, kuma ina son in rubuta yadda aka yi dalla dalla don ya zauna min. Sati biyu da suka wuce na ce bari in sayi abu ɗaya da kuɗina in riƙe a hannu in koyi bambanci, sai na ga wani ɗan mutum-mutumi mai kan kabewa a wani shafin gwanjo, irin wanda ake cire kan a zuba alawa a ciki, mai shi ya rubuta wai na Jamus ne na shekarun 1920 daga gidan wata tsohuwa aka samo. Hotuna uku ne kawai kuma duk da ɗan duhu, ba hoton ƙasa ba na ciki. Na ci gwanjon a dala 85 ina ta murna na samu araha, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa manyan masu tara kayan nan ba su taya ba.

Jiya ya iso. Tun daga buɗe leda hancina ya ce min akwai magana, warin sabon fenti da gam, ba wannan ƙamshin adaka ba. Dattin da ke jikinsa ko'ina daidai yake, har cikin lungun da hannu bai taɓa kaiwa, alhali tsohon abu inda ake riƙewa nan yake gogewa, hanci da gefen kunne da gindi. Na ɗauko tocilar nan mai haske shuɗi irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, na kashe fitilar ɗaki na haska kwalin da ke cikin wuyansa, sai ya ɗau haske fari-shuɗi tar. Na haska magen Mama a gefensa, shiru, duhu kawai. Dalili shi ne daga wajen 1950 aka fara zuba wa takarda sinadarin da ke ƙara mata fari, shi ne ke ƙyalli a wannan hasken. Amma a kula, rashin ƙyalli bai isa shaida cewa abu tsoho ne ba, don mai wayo zai iya nemo tsohuwar takarda ya yi aiki da ita, ƙyallin ne dai shaida cewa ba tsoho ba ne.

Daga baya na karanta cewa masu tara kayan nan sun daɗe suna gargaɗi a kan irin waɗannan, tun shekarun 1990 ake ƙera sababbi ana shafa musu tsufa ana turo su kasuwa. Na rubuta wa mutumin da hotuna, ya ce shi ma haka ya saya, bai dawo da ko sisi ba. Na ajiye abin a kan tebur, yanzu duk abin da nake shakka a kansa sai in ɗora su gefe da gefe. Kuma na ɗau alkawari duk abin da zan sa na Mama sai na ɗauki hoton baya da ciki da duk wani tabo, a hasken rana, don na ji yadda abin yake da ciwo.

22 ga Satumba

Na Amurka guda 14 yawancinsu na kamfanin Beistle ne, kuma abin mamaki kamfanin na nan kusa da mu a Shippensburg, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota, har yau suna aiki. Martin Luther Beistle ya kafa shi a 1900 a Pittsburgh. Su suka shahara da takardar nan mai laushi da ake buɗewa ta zama kamar saƙar zuma, da ƙwarangwal mai gaɓoɓi da aka haɗa da 'yan ƙusoshi yana motsa hannu da ƙafa. Guda biyar a cikin namu an buga H.E. Luhrs a jikinsu, na ɗauka wani kamfani ne daban, ashe surukin mai kamfanin ne, Henry Luhrs, kuma masu wannan suna galibi na shekarun 1940 da 1950 ne. Matsalar Beistle ɗaya ce ga mai tantancewa, sun sake buga tsofaffin zanensu ana sayarwa sababbi a kanti, ba ha'inci suka yi ba, amma wasu na cire su daga leda su sa a gwanjo su yi shiru. Sabon ya fi santsi da ƙyalli, bayansa fari fat, tsohon kuwa bayansa ya yi ruwan ƙasa.

Abin da ya hana ni barci kuma shi ne ɓarnar da na yi da hannuna. Mujiya mai lamba 17 akwai tsohon salatif a kunnenta ya yi ja ya bushe, na ga kamar in na cire za ta fi kyau a hoto. Na sa farce a hankali, ya fara tasowa, sai kawai na ji ɗan sauti, ya taho da fatar kwalin, wuri kamar faɗin ɗan yatsa ya zama fari. Garin gyaran gira na taɓa ido. Shekara wajen 80 tana nan lafiya sai a hannuna. Na kai wa Mama na nuna mata na ce ni na yi, ki cire a kuɗin da ya kamata ta yi ni zan biya. Ta riƙe ta ta daɗe tana kallo, ta ce ita ce ta manna salatif ɗin tana yarinya a tagar kicin, mahaifiyarta har ta yi mata faɗa, ta ce in bar maganar biya. Na bar maganar amma ban sa ta a gwanjo ba. Daga yau ba na cire komai, ba na gogewa da ruwa, ba na manna komai, burushi mai laushi kawai in kaɗe ƙura. Masu saye ma sun fi son abu yadda yake da a taɓa shi.

29 ga Satumba

Na sa kashin farko, ƙananan kaya guda 17, don in koyi hannu da su kafin manyan. Gwangwani 8, wasu na kamfanin Kirchhof da ke Newark wasu na kamfanin T. Cohn, masu hannun katako sun fi masu hannun roba tsufa, biyu da tsatsa a baki na rubuta hakan. Na kuma rubuta cewa na ajiya ne kar a ba yara su sa a baki, tsohon fenti ba abin yarda ba ne. Roba 5 irin na kamfanin Rosbro na jihar Rhode Island na shekarun 1950, roba mai tauri da ke tsagewa in ta faɗi. Kyandir na Gurley ne daga Buffalo, kamfanin da ya fara su a ƙarshen shekarun 1930 da ragowar kakin da ke fita wajen tace man fetur, takardar farashi na nan manne a gindinsu kuma ba a taɓa kunna su ba, wannan shi ne darajarsu. Huɗu kawai na sa, biyu zafin ɗakin sama ya narkar da su sun karkace fuskar ta zube.

Kwana bakwai na ba kowanne, na saita su ƙare ranar Lahadi da tara na dare agogonmu, lokacin mutanen Kalifoniya ƙarfe shida ne na yamma kowa na gida.

6 ga Oktoba

Wallahi ban san haka gwanjon intanet yake da bugun zuciya ba. Kwana shida wata mayyar roba a kan babur tana dala 12, mutum 19 sun sa mata ido amma ba mai tayi, har na fara cewa na yi kuskure da na fara da ƙaramin kuɗi. Ni da Mama muna zaune da waya a tsakaninmu, saura minti ɗaya tana 14, saura daƙiƙa goma ta koma 31, kafin in ɗaga kai ta rufe a 58. Mama ta dafa ƙirji ta ce me ya faru. Yadda abin yake, kowa na rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'urar ce ke ƙara masa tayi kaɗan kaɗan har zuwa iyakar, su kuma gwanayen ba sa nuna kansu sai daƙiƙun ƙarshe don kar wani ya samu lokacin ƙarawa. Duka 17 sun tafi, jimla dala 425. Gwangwani 190, roba 165, kyandir 70.

13 ga Oktoba

Satin nan na naɗi ne da aikawa. Kowane kwali a leda marar gam, sannan tsakanin kwali biyu masu tauri, kyandir kuma a akwati cikin akwati. Na sa kashi na biyu, na Amurka 11 da akwatunan takardun mannawa 4 da fitila ɗaya.

Ɗan littafin nan shi ne ya cinye mana yammacin yau. Bogie Book sunansa, na kamfanin Dennison da ke Framingham a jihar Massachusetts, waɗanda suka fitar da na farko a 1909, namu na shekarun 1920 ne. Talla ce a zahiri, suna koya wa matan gida yadda za su ƙawata falo da tebur da ɗinka kayan sawa da takardarsu mai tamoji, a ƙarshe ga jerin kaya da farashi. Amfaninsa gare ni babba ne, don na ga hoton biyu daga cikin akwatunan mannawarmu a ciki, ka ga an samu shaidar shekarunsu daga bakin mai kaya. Amma da Mama ta sa tabarau tana buɗawa sai ga rubutun fensir a gefen shafi, hannun kakarta, ta lissafa sunayen baƙi da abin da za a dafa da yadi nawa na takarda za a saya. Ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya tana gaya min wane ne wane, duk sun rasu. Na ce Mama wannan kam kar a sayar. Ta ce zai yi kuɗi ai. Na ce zai yi, amma wanda zai saya rubutun nan a wurinsa aibi ne da zai rage farashi, a wurinku kuwa shi ne littafin. Ta kira jikarta a waya, wadda ta ce a kai bola, ta karanta mata, yarinyar ta ce a ajiye mata.

20 ga Oktoba

Kashi na biyu ya rufe. Na Amurka 11 sun kawo 420, ƙwarangwal mai gaɓoɓi shi ya fi, akwatunan Dennison 210, fitila 135 duk da na nuna ƙunar da ke bakinta ƙarara. Abin da ya ɗaga ta shi ne takardar fuskarta ta asali na nan, wato siririyar takardar da ake mannawa ta ciki mai zanen ido da haƙora don haske ya ratso, ita ce ke fara ƙonewa, shi ya sa da yawa da ke kasuwa sabuwa ake sa musu. Wani ya turo saƙo yana son in rufe gwanjon in sayar masa a gefe dala 90, na ce masa albarka.

Na Jamus guda 7 na sa su yau, za su rufe 27 ga wata. Na so in sa su tun farkon wata don mai saye ya samu kafin bikin, jinkirin daga ni ne, tsoron kar in yi kuskure a bayaninsu ya sa na yi ta sake dubawa.

27 ga Oktoba

Mage ta tafi a dala 265, mutum 11 suka yi tayi. Sauran shida 415. Matar da ta ci magen ta rubuto ta ce abin da ya sa ta saki jiki ta taya shi ne hoton baya da na sa da kuma inda na nuna lanƙwasar da ke wutsiya, ta ce da yawa ɓoyewa suke. Na karanta wa Mama saƙon. Da na zo naɗe ta sai da na sake shafa bayan nan nata sau ɗaya, wata biyu da rabi tana gabana.

31 ga Oktoba

Mama ta ce in ɗauko mata fitilar da ta rage, ƙaramar mai lotsattsen gefe, wadda ta ce ita ta riƙa fita da ita tana 'yar shekara bakwai ko takwas lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta so a kunna kyandir a ciki na ce Mama ki yi haƙuri, na kawo 'yar fitilar batir mai kama da kyandir na saka. Ta zauna bakin ƙofa da bargo da kwanon alawa, fitilar a kan cinyarta, idon nan da haƙoran suka yi ja ta cikin tsohuwar takardar. Ni ina daga ciki ina haɗa mata shayi ina jin yara na tambayarta a ina ta saya, tana ce musu ta girmi kakanninsu. Wannan ne na ƙarshe da za ta yi a gidan nan.

10 ga Nuwamba

Lissafi. An sayar da guda 40, jimla dala 1,870. Kason shafin gwanjo ya ci 255, kwali da leda da salatif 48, kuɗin aikawa masu saye ne suka biya. Abin da ya rage 1,567, na tura mata asusunta na kuma ba ta littafin lissafin ta duba da jikarta. Dala 85 ɗin jabu tawa ce ban sa a ciki ba.

Saura 23. Fitila na wurin Mama za ta tafi da ita, littafi na wurin jikarta, mujiya ta ce in riƙe, na karɓa. Kyandir biyu da suka narke da hotunan kwali biyu da ruwa ya taɓa da huluna 7 zan haɗa su kashi ɗaya. Katunan gidan waya 9 ban taɓa su ba tukuna don fanni ne mai zaman kansa, uku akwai sa hannun mai zanensu Ellen Clapsaddle a ƙasan zanen, biyu da hatimin gidan waya na 1911 da 1913 da kan sarki na santi ɗaya, dukkansu kuma da layin da ya raba baya gida biyu, wanda a Amurka sai daga 1907 aka fara. Na duba abin da ake sallamawa satin nan na ga kasuwar ta yi sanyi tunda biki ya wuce, don haka na sa kowanne a ledarsa na ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da taga, sai Agusta mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan zan zauna in koyi katunan. Asabar kuma za mu fara kwashe kayan kicin, ta ce akwatunan Kirsimeti biyun nan ma in buɗe in gani.